Barin tramol: wahalar tana farawa ne ranar da aka dawo gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu, kuma don Allah a sakaya sunana saboda ina da yara biyu a makaranta.

Ni leburan gonar shinkafa ne a fadamar Argungu. Shekara shida na yi ina shan tramol, yau wata bakwai ke nan rabona da ita. A dashen rani na fara. Mutum ya wuni a sunkuye cikin ruwa, ƙugu kamar zai tsinke, sai wani abokin aiki ya miƙo mini ƙwaya ɗaya, ya ce maganin gajiya ne. Ran nan aikin mutum biyu na yi. Kafin a jima sai na jefa mai ƙarfin miligiram 225 guda uku a shayi sannan in iya ɗaga fartanya, alhali wadda likita ke rubutawa 50 ce ko 100. Sau biyu ina faɗuwa ina shure-shure kamar mai farfaɗiya. Na biyun da fuska na faɗa cikin ruwan gona, Allah Ya sa akwai yaro kusa.

Yayana ya sayar da buhu biyu ya kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Makon farko zawo ne da gumi da majina, ƙashi kamar ana sara, barci ya ƙaurace. Mutane suna zaton nan ne wuyar take. Wallahi wannan da sauƙi, don ga likita a kanka, mai sayarwa kuma ba ya kusa.

Da na dawo, komai yana nan inda na bar shi: majalisarmu, mai shayinmu, da mai teburin ƙwayar nan da ke ba ni bashi ba ya ko tambaya. Ƙamshin laka da asuba kaɗai ya isa ya sa yawuna ya tsinke. Likitan ya gaya mini kwaɗayin kamar hadari yake, yana haɗowa ya yi baƙi, amma in ka daure kamar rabin awa sai ya washe. Na gwada na ga haka ne. In ya taso sai in yi alwala, in taka zuwa shagon Yaya in zauna ina taya shi ƙulla sukari a leda har abin ya sake ni. Na kuma lura ba ya kama ni sai ina jin yunwa, ko raina a ɓace, ko na gaji, ko ina zaune ni kaɗai bayan la'asar. Shi ya sa ba na fita ban karya ba. Na canza layin waya, na bar bin hanyar tasha, kuɗin aikin yini kuma a hannun maiɗakina suke kwana.

Duk da haka na zame sau ɗaya, wata biyu da sallamata. A wajen wani suna waya ta ɓace, sai kowa ya juyo yana kallona. Ba wanda ya ce uffan. Daga baya aka gan ta a aljihun mai ita, amma lokacin na riga na isa teburin nan na haɗiye biyu. Da dare na faɗa wa Yaya ina kuka. Bai zage ni ba, cewa ya yi, "Gobe da sassafe mu koma wurin likita." A can na ji abin da ya tsorata ni: jikin da ya huta ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba a da, kuma haka wasu ke rasa ransu a komawar farko. Da Yaya ya kore ni daren nan, da sauran ƙwayoyin da ke aljihuna zan shanye.

Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kuma tana ta kame, Allah Ya taimake su. To, wanda ya tuba ya dawo fa, wa ke riƙe hannunsa? Gidan mari ba magani ba ne, mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019. Ina roƙon gwamnatin Jihar Kebbi ta sa masu ba da shawara a manyan asibitocin Argungu da Yawuri da Zuru, ko da rana ɗaya a mako, domin kuɗin motar Sakkwato ke hana da yawanmu komawa ganin likita. Limamanmu kuma, in kun yi wa'azi kan mai shaye-shaye, ku haɗa da yadda za a karɓi wanda ya bari.

Masu gonaki, ku ma da ku nake. In kuka ga lebura yana aiki daga asuba har magariba bai zauna ba, kun san abin da ya sha. Dashe ya kusa, kuma wani dattijo ya yarda ya ɗauke ni a kan in huta da azahar, a rage mini kuɗin awa ɗaya. Muna da yawa da ke neman irinsa.

Naku,
Wani mai karatu daga Argungu, Jihar Kebbi