Sanarwa: Mu Haɗa Fankar Zuƙe Hayaƙin Dalma

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina roƙon duk mai liƙa waya da dalma a cikin ɗaki ya karanta wannan da kyau.

Farin hayaƙin nan da ke tashi yawanci ba na dalmar ba ne. Dalma sai zafi ya haura digiri 1,700 take tafasa, alhali ƙarfen liƙinmu wajen 350 muke sa shi. Ƙaron da ke cikin zaren dalmar ne ke ƙonewa, kuma yawan shaƙarsa na jawo asma. Idan ta kama mutum, da wuya ta sake shi.

Haɗin ba wuya. A samo fankar kwamfuta mai milimita 120, adafta mai bolt 12, da soson tacewa mai gawayi. A ɗaura soson a gaban fankar, a toshe gefuna da salatif don kada iska ta kewaye shi. A tabbata zuƙa take yi daga wajenka. Galibi iska na fita ne ta ɓangaren da ke da sitika.

Don Allah a matso da fankar kusa, kamar santimita 15 daga aikin. Idan ta yi nisa, wuta kawai take sha.

Soson ba ya kama ƙananan ƙwayoyin hayaƙi duka, shi ya sa na fi son a jona mesa a bayanta ta fita ta taga. Kuma fanka ba ta cire dalmar da ta taɓa yatsu, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Wanda ya haɗa tasa ya turo hoto mu gani.