Bidiyon waya ne ya nuna wa likita abin da ɗana ya ɓoye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a bani ɗan fili in yi magana da iyaye 'yan uwana kan wata lalura da muke kira tsirfa ko iya shege, wasu ma su ce shafar aljanu ce. Ɗana yana da shekara 6 ya fara ƙifta ido ba ƙaƙƙautawa, daga nan ya koma ɗaga kafaɗa, sai kuma wani gyaran murya kamar mai ƙaiƙayin maƙogwaro, a makaranta an zane shi ya fi a ƙirga wai yana kwaikwayon malami, ni kaina na sha ɗaga masa hannu, Allah ya yafe min.

Sau biyu muna zuwa asibiti kuma wallahi da mun shiga gaban likita sai yaro ya zauna tsaf kamar ba shi ba, likita na kallona ina kallonsa kamar na yi ƙarya. Ashe haka abin yake, mai wannan lalura yana iya dannewa na ɗan lokaci, kamar yadda mutum ke riƙe atishawa, in ya samu sarari sai abin ya ɓarke. Kuma yana zuwa yana lafawa, wani satin ya tsananta wani satin kamar ya warke. Toh a zuwa na uku mamansa ta ɗauke shi a waya yana kallon talabijin, minti uku kacal, shi likitan ya kalla har sau biyu yana tsayarwa, sannan ya ce wannan ba farfaɗiya ba ce, tik ake ce masa, in motsi da sauti suka haɗu suka wuce shekara ɗaya shi ne ciwon Turet, sunan likitan Faransa da ya yi bayaninsa a 1885 kan mutum 9.

Abin da ya burge ni da na bi diddigi, ashe likitoci sun daɗe da gane wannan wayon na yara. A asibitin Rush da ke Shikago a Amurka sun tsara hanyar aunawa da bidiyo na minti 10, a ɗauki fuska da kafaɗa a kuma ɗauki duk jiki, wani ɓangare ma'aikaci na cikin ɗakin, wani a fita a bar mutum shi kaɗai, kuma na kaɗaicin nan ake ƙirgawa, sau nawa a minti, gaɓoɓi nawa ke motsi. Akwai kuma ma'aunin jami'ar Yale na 1989, amma shi tambaya ake yi kan satin da ya wuce, wa zai iya tuna ƙifta ido nawa ɗansa ya yi ran Talata? Yanzu ma masu bincike na koya wa kwamfuta ta riƙa bin fuska a bidiyo tana ƙirgawa da kanta, don ƙirga da hannu aikin wahala ne.

Sai dai inda nake da ƙorafi, Edita, shi ne masu ɗaukar irin yaran nan su watsa a TikTok ko WhatsApp ana dariya. Bidiyon na likita ne fa, ba na guruf ɗin dangi ba. Kuma sa ido da tsawa ƙara abin suke yi, ni na gani da idona. Shi zage-zagen da ke kuɓuce wa wasu masu Turet ba da son ransu ba, wanda ake nunawa kamar shi ne ciwon, kusan mutum 1 cikin 10 ne ke yinsa.

Yaron yanzu shekararsa 11, shekarun da aka ce abin ya fi tsananta, yawanci kuma yana raguwa in an girma. Yanzu da izininsa muke ɗauka, duk wata sau ɗaya, shi ke zaɓar ranar, in likita ya gani mu goge.

Naku,
Wani uba daga Zariya