Mutum na biyar a hoton gidanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ba masu karatu labarin wani hoto da ya hana ni sakat tun bara.

Bayan an yi sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe adakarsa ta ƙarfe saboda rabon gado. Ƙarƙashin riguna muka tarar da rasit-rasit na haraji, da wata wasiƙar ajami da gara ta ci gefenta, da hoto guda baƙi da fari. Maza biyar ne tsaye a ƙofar zaure, biyu na riƙe da fatu, don mu gidan majema ne. Bayan hoton babu ko harafi. Mu goma sha ɗaya muka zagaye shi, har da masu digiri, aka rasa wanda zai nuna kakanmu.

Sai muka kai wa Goggo, ƙanwar kakan namu, wadda ta haura tamanin. Ta matsa bakin ƙofa don haske, ta ce, "Wanga shi na kakanku, wanga ƙanenai na, wanga bara na da ya tashi cikin gida." Ta faɗi mutum huɗu da sunan yanka da laƙabi da inda kowa ya yi aure. Da yatsanta ya zo kan na biyar sai ta ja mayafi ta ce, "Wanga ai kun san shi." Wallahi ba mu san shi ba. Ashe mijinta ne na fari, wanda ya rasu tun ba a haife mu ba, kuma har yau bakinta bai iya kama sunansa. Sai da na bi gida uku kafin wata tsohuwa maƙwabciya ta faɗa mini, tana yi mini dariya.

A nan na gane inda sunaye ke salwanta a wurinmu. Matan da suka fi kowa sanin asali su ne alkunya ta ɗaure wa baki: ba su faɗin sunan miji, ko na ɗan fari, ko na suruki. Takarda ma ba ta cika fid da kai ba. Mutum guda sai ka gan shi Abubakar a littafin alƙali, Garba a rasit ɗin haraji, Buba a bakin danginsa na ruga. Usman ya koma Shehu, Umaru ya koma Sanda. Makarantar boko kuma ta zo ta liƙa wa yara sunan garinsu a madadin na uba, kamar yadda duniya ta san marigayi Shugaba Shehu Shagari da sunan garinsu. Ga mai neman kakan kakansa, wannan ba ƙaramin ɗaurin kai ba ne.

Shekarar hoton kuwa, rasit ɗin da aka naɗe shi ciki da sule aka rubuta kuɗinsa, ke nan kafin zuwan naira a 1973. Goggo ta ce lokacin Sardauna na da rai, sai muka sake ja baya zuwa kafin Janairun 1966. Iyakar inda muka kai ke nan.

Wasiƙar ce ta fi taɓa ni. Tun muna yara ake cewa wani wan kakan mahaifinmu ya bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira zuwa gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, bai kuma dawo ba. Mun ɗauka ya kwanta a Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi a watan Yuli na shekarar. Da wani malami a unguwarmu ya karanta mana abin da gara ta rage, sai ga gaisuwa daga Mai Wurno, garin nan na bakin kogin Nilu a Sudan inda sauran masu hijirar suka zauna. Mai wasiƙar yana tambayar ko har yanzu ana jima a gidan, yana kuma cewa bagaruwar can ba ta kai ta gida ba. Wurin da sunansa yake, nan ne daidai gara ta fara ci.

Na je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nan cikin gari, na ga rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka adana, na kuma ji cewa fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Amma mu faɗi gaskiya, irin waɗannan wurare sun fi riƙe labarin sarakuna da malamai da hakimai. Majemi da maƙeri da mai saƙa, tarihinsu na cikin adaka da bakin tsofaffin mata, kuma duka biyun ba sa jira. Na sha ganin an naɗe ƙosai da takardar da ta girmi mai suyar.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar nakan kai wa Goggo goro, in ajiye waya tana ɗaukar murya. Na koyi in daina tambayarta suna kai tsaye, sai in ce, "Mai sunan wa ne a unguwar nan?" ta nuna gidan takwaransa. Hotunan da suka rage duk na rubuta bayansu da fensir, don biro na huda takarda, na kuma ɗauke su a waya na tura wa 'yan'uwa a Gusau da Birnin Kebbi.

Roƙona ga wannan jarida, a ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata da mutane za su aiko tsohon hoto a buga, ko wani zai gane nasa. Idan kuma cikin masu karatu akwai mai dangi a Mai Wurno da ya taɓa jin labarin wasu majema 'yan asalin Sakkwato a can, don Allah ya aiko ta hannun Edita. Goggo ta ce mutumin namu da ya yi hijirar gwani ne wajen rina fata da karan dafi, kuma bahago ne.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare,
Sakkwato.