Abin da ya dace da lambu a hunturu

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu lambun bayan gida a Jos. Da hunturu a haƙura da kuɓewa, sanyi tsumburar da ita yake yi. Lokacin kabeji ne, da latas da karas.

A yafa kabeji a gadon reno a Oktoba, a dasa bayan mako 4 zuwa 5, tazarar santimita 45. Karas kuwa ba ya son dashe, a shuka shi inda zai zauna. Ɗanyen taki ke sa saiwarsa ta rabu biyu, sai dai ruɓaɓɓe. A yi ban-ruwa da safe, a rufe gindi da busasshiyar ciyawa, don iska na shanye laima da wuri. A riƙa ɗaga ganyen kabeji, a ƙarƙashinsa tsutsa ke fakewa.

Naka,
Wani mai lambu, Jos