Ramin da gwajin fata ya bari a kumatun ƙanwata

Assalamu alaikum Dokta, da fatan kana lafiya. Daga Tawa nake rubutowa.

Jiya gwaggon ango ta dubi ƙanwata a gaban mutane ta ce, "Wannan ramin fa, wane irin ciwo ne?" Tun lokacin yarinyar ba ta fito daga ɗaki ba, ga biki saura wata 2.

Wata 4 ke nan da aka ciri ɗan fata a kumatunta na hagu, a wani asibiti a Yamai, don a gwada wani tabo da ya ƙi tafiya. Da ƙarfen nan mai zagayayyen baki aka cira, milimita 4. Aikin jinya nake yi, na san a fuska ɗinki ɗaya ko biyu ake sawa, a kwance bayan kwana 5 zuwa 7. Shi ko wanda ya yi aikin, auduga ya danna ya sallame ta, ko cewa ta riƙa shafa basilin kada wurin ya bushe bai yi ba. Ɓawo ya kama, ya faɗi, wurin ya lotsa. Ni na tura ta, ban musa ba, amma da na ƙyale tabon ya zama mugun abu fa? Inna ta ƙi ta gane wannan.

Sai wata maƙwabciya ta ba ta man bilicin mai clobetasol, ta shafa sati 3 ban sani ba. Irin wannan mai cinye kaurin fata yake yi, ramin ya ƙara zurfi. Na ƙwace shi. Yanzu man kare rana SPF 50 take sawa, don wurin ya fara baƙi. Na sayo man silikon, amma tabo mai tudu ya fi yi wa aiki.

Da na ja fatar da yatsu biyu ramin ya miƙe, gefe ɗaya ya ƙi. Ina jin zaruruwan tabo ne suka ɗaure shi ta ƙasa, irin waɗanda ake shiga da allura a tsinke. Allurar cikowa ta asid hiyaluronik wata 6 zuwa 12 take yi ta narke. Leza, wato gyaran fata da hasken na'ura, ina tsoronta, tana iya barin baƙi a fata irin tamu. A sake yankewa a ɗinke ya koma siririn layi kuwa, kunnen Inna ya yi ƙululu bayan huji, ina tsoron kada ƙanwata ma ta gado.

Na manta, sakamakon gwajin ya fito lafiya lau, shi ya sa Inna take cewa a banza na ɓata mata fuska.

Na san sai shekara 1 zuwa 1 da rabi tabo ke gama zama. To a cika shi yanzu, sati nawa kafin biki kumburi da taruwar jini su baje? Ko mu jira? Kuma Dokta, ni zan je in yi wa dangin ango bayani, ko in bar wa Baba? Ƙanwar tawa dai ta daina ɗaukar wayata.