Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, iyaye da ƙanne.

Tarukan wata-wata an yi su, sai na watan azumi da aka ɗage.

Zan fara da kuɗin wata, domin a nan gizo yake saƙa. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabi ba. Wasu tun ranar da suka karɓi kati ba a sake ganin ƙeyarsu ba, amma su ne kan gaba a WhatsApp wajen tambayar ina littafin tarihin garinmu Gaya ta ƙasar Nijar ya kwana. To, ga amsa. An gama ɗaukar muryoyin dattawa, na Kyangawa da Dendawa da Hausawa, an rubuta mafi yawa, abin da ya rage kuɗin ɗab'i ne. Ma'aji ya yi yawo gida-gida har ya gaji, ni ma na buga waya har wasu sun daina ɗauka. Ba a buga littafi da alkawari.

Allon bayani da muka ce za a kafa a bakin gada shi ma bai samu ba, kuma wannan ba laifin shugabanni ba ne. Kowa ya san tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gadar kogin Kwara da ke tsakaninmu da Malanbil ta ƙasar Benin a rufe take. Gadar da tun 1958 ake bi ta kanta zuwa Kwatano, yau mutane da kaya sai ta kwale-kwale. Wa zai karanta allo a wurin da ba a tsayawa? Baƙin da a da suke yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa gandun dajin W su ma sun ɗauke ƙafa saboda rashin tsaro. Shi ya sa muka dakatar da horar da matasa masu yi wa baƙi jagora, don kada mu koya wa yara sana'ar da babu kasuwarta a yanzu.

Abin da ya faranta mana rai shi ne ziyarar ɗaliban da muka karɓa daga Doso da sanyin bana. Da sassafe Sarkawa suka ɗauke su a jirage, suka bi da su gefenmu na kogin. A cikin jirgin wani dattijo ya ba su labarin yadda sarakunan Askiya suka gangaro ƙasar Dendi bayan sojojin Maroko sun ci Songhai a 1591, da yadda ayarin fataken goro daga Kano da Sakkwato ke ƙetare kogi ta wannan yanki zuwa Gwanja. Da aka zo kan tsibirin Lete, wanda kotun duniya ta tabbatar wa Nijar a 2005, malaminsu ma ciro littafi ya yi yana rubutawa.

Washegari muka kai su kwarin Dallol Foga wurin masu gishiri. Yaran sun tsuguna suna kallon yadda mata ke kankare ƙasa mai gishiri, a zuba mata ruwa a tace, a dafa ruwan a kan wuta har ya ƙafe. Wata yarinya ta dangwala da yatsa ta lasa, ta ce ita duk zatonta gishiri daga kanti yake fitowa. A hanyar dawowa aka ratsa ta cikin giginyu, aka nuna musu inda azara da muruci ke fitowa, kowa ya koma gida da rake da rogo. Duk wannan mutum ƙalilan ne suka yi shi da aljihunsu, kuma mata mambobi su suka ɗauki nauyin abinci gaba ɗaya. Allah Ya saka musu da alheri.

Makarantu daga Yamai har sun fara tambaya ko za mu karɓe su baɗi. Ba za mu amsa ba sai mun ga abin da ke cikin asusu, don ba za a sake ɗora wa mutanen nan kaya su kaɗai ba. Duk wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin babban taro. Ranar za a karanta sunayen waɗanda suka biya, sannan a yanke shawara kan sauran.

Wassalam.
Magatakardan ƙungiya, Gaya