Rahoton Ayyukanmu Na Shekarar 2025 Zuwa Ga Membobi

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyayenmu na kwamitin amintattu da sauran membobi maza da mata. Ga rahoton abin da muka yi a bana wajen bibiyar dokokin jihohi, kuyi haƙuri ya ɗan yi tsawo.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shine maganar kuɗin ƙananan hukumomi. Kun san tun 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36, tace a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓen ciyaman ya saɓa wa tsarin mulki. Toh jihohi da yawa sun yi maza sun shirya zaɓe, kuma kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ta cinye kujerun, kantoma ya tafi amma mai naɗa kantoman yana nan daram. Ga kuma sashe na 162 na kundin tsarin mulki har yanzu da asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi a cikinsa ba a goge ba, shi yasa Anambra ta samu ƙofar yin dokarta a Oktoban 2024 wadda ke sa ƙananan hukumomi su mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke da hannu a ciki. Mun zauna da kansiloli da wasu ma'aikatan kuɗi muna tambayar abu ɗaya tal, shin kuɗin ta ina yake shigowa yanzu, wallahi wani sai ya kalli ƙofa ya rage murya kafin ya baka amsa, wannan kaɗai ya ishe mu amsa.

Abin da ya ɗan faranta mana rai shine hukuncin watan Afrilu 2025, inda Kotun Ƙoli tace dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana aiki a kan jihohi ma. A da in ka kai takarda ma'aikatar jiha sai ace maka ai wannan dokar Abuja ce mu bamu karɓe ta ba. Yanzu wannan uzurin ya mutu, kuma doka kwana 7 ta basu su amsa. Lauyoyinmu sun tsara fam ɗin neman bayani da Hausa, muka raba, muka kai takardu da kanmu. A wata ma'aikata akawun da ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya ya ƙi buga mana sitam ɗin shaidar karɓa sai da muka zaro kwafin hukuncin muka ajiye masa a tebur, sannan ya tashi ya tafi neman oga. An buga dai daga baya, amma amsa har yau shiru kake ji. Shawarar kwamiti ita ce baɗi mu ɗauki guda ɗaya mu kai kotu, don in ba a ga an maka wani ba babu mai motsi.

Wutar lantarki kam a gaskiya mu a nan Arewa munyi barci. Gyaran tsarin mulkin da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ya bai wa jihohi damar yin doka kan lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, Enugu da Ekiti da Ondo tun 2024 suka karɓi ragamar kula da kasuwar wutarsu daga hannun NERC, hukumar kula da lantarki ta ƙasa, mu kuma an fi saurin yin dokar masarautu, kowa ya ga yadda majalisar Kano ta rushe dokar 2019 a watan Mayun 2024 gwamna ya sa hannu a rana guda. Bamu shiga rigimar sarauta ba kuma ba za mu shiga ba, muna dai nuna cewa in ana so ana iyawa. Mun rubuta wa 'yan majalisarmu a kan haka.

Bangaren mata sun yi ƙoƙari sosai wajen wayar da kai kan dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano tayi a 2024, gwajin jinsin jini saboda sikila da ƙanjamau da ciwon hanta, sun bi islamiyoyi da limamai, Allah ya saka musu da alheri.

Sai dokokin haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, za su fara aiki 1 ga Janairu 2026, kason jihohi a harajin VAT ya tashi daga kashi 50 zuwa 55. Za mu sa ido a kasafin kuɗin baɗi mu ga inda ƙarin zai shiga, muna neman masu iya lissafi su bada sunansu ga sakatare.

Waɗanda basu biya kuɗin wata ba dan Allah a ga ma'aji kafin babban taro, kuɗin shigar da ƙarar nan daga nan zai fito.